Jakar Fatar Kada Zuwa Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta ba. A masallaci a tambaye ni, a ofis a tambaye ni, har mai wankin hular layinmu, wanda ko Zariya bai taɓa wucewa ba, ya tare ni yana so ya ji ko gaskiya ne burodin mutanen can ana iya dogara shi kamar sanda. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk lokacin da na ba da labarin sai ya ƙara tsawo. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, tun bai kai inda ni kaina zan daina gane shi ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina lauyan gwamnati a nan Kaduna. Shari'un da kowa ke gudu su ake turo mini: rikicin gandun daji, wane ya sare maɗaci, wane ya shiga da shanu inda aka hana. Da farko haushi nake ji, daga baya na wayi gari ina son aikin fiye da yadda zan iya faɗa wa abokaina ba su yi mini dariya ba. Sau biyu ana ƙarin girma ana tsallake ni. To ana nan sai na ga sanarwa a jarida, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke kare daji da namun dawa, mai ofis a Yamai, tana neman babban lauya wanda ya san dokar Ingilishi kuma yana jin Hausa, saboda fatun namun dawa da ake tsallakowa da su zuwa kasuwanninmu. Na rubuta, suka amsa, suka ce in zo ganawa ranar wata Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma. Ba zan ɓoye ba, ina son aikin nan kamar in yi kuka.

Mahaifina baduku ne, gidanmu na Unguwar Shanu, rumfarsa na kasuwa. Na faɗa masa zan je neman aikin daji, ya yi mini addu'a, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe mako uku ya yi yana wani aiki a ɓoye. Ranar da zan tashi na je sallama da safe, ya shiga ɗaki ya fito da jakar takardu, baƙa wuluk, tana ƙyalli. Fatar kada ce.

Ya ce, "Wannan ta mai gidan ce. Ba a zuwa gaban babba hannu rabbana."

Na ce, "Baba, ai su waɗannan mutanen aikinsu ke nan, hana kashe kada."

"To wannan ai ta riga ta mutu."

"Kuma Baba, mai neman aiki ba ya kai kyauta. Sai a ce toshi ne."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ka kai? Ni na kai. Kai ɗan aike ne."

Na yi gardama da manyan lauyoyi a gaban alƙalai masu hular gashin doki, amma ban taɓa cin Baba ko sau ɗaya ba. Na karɓa da hannu biyu. Ya haɗa mini da wasiƙar ajami, a naɗe, an ɗinke bakinta da zare, zuwa ga Baba Ilu, abokinsa da suka koyi dukanci tare a Zazzau, wanda ya yi shekaru da komawa Yamai. A gidansa zan sauka. Na naɗe jakar a tsohon zanen matata, na ƙudurta a raina cewa za ta ga Yamai, amma mai gidan ba zai gan ta ba.

A tashar Kawo na shiga fijo mai zuwa Katsina. Direban Bakatsine ne, mai yawan magana da ƙarancin birki. Kusa da ni wata Hajiya Kande ce, 'yar kasuwar Abakpa mai kai atamfa da turare Maraɗi, mace mai jiki da murya, wadda kafin mu kai Jaji ta san sunana, da aikina, da yawan 'ya'yana, da dalilin da ya sa ba su fi haka ba. Bayan Funtuwa taya ta fashe. Aka sauke kaya don a ciro safaya, ƙullina ya kwance, jaka ta faɗo a gefen titi.

Hajiya ta ɗauka ta shafa ta ce, "Kai Lauya! Irin wannan kake naɗewa a tsumma? Wa ka sata wa?"

Na ba ta labari, har da inda za ni. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan buhu. Direba ya ɗago daga ƙarƙashin mota ya ce, "Yallaɓai, in ta dame ka bar man ita, ni ban da shari'a da kada." Na ce masa amana ce. Ya ce to Allah shi hisshe ni.

Na kwana Katsina a gidan wani abokin karatuna, washegari muka kama hanyar Jibiya, ni da Hajiya, don ta ce ba za ta bar ni in tsallaka iyaka ni kaɗai ba, wai masu ilimi su suka fi ɓata. A ɓangarenmu ba a daɗe ba, aka buga hatimi a fasfo. A nasu ɓangaren aka jera mu a inuwar bedi, wato darbejiya, wani ma'aikaci dogo mai gajeren wando ya karɓi fasfo da katin allurar rigakafi, ya duba gaba, ya duba baya, ya duba ni. Na yi masa Turanci, ya yi mini Faransanci, muka tsaya muna kallon juna. Hajiya ta ce, "Ku yi Hausa mana, ku duka 'ya'yan Hausawa!" Muka yi kuwa, abin ya zo da sauƙi har da kunya.

Da ya zo kan ƙullina ya ce, "Mi ag ga ciki?" Na kwance. Zuciyata ta yi fari, na ce yau Allah ya kawo mini mafita. Ban taɓa roƙon a ƙwace mini kaya ba sai ran nan. Har na taimaka masa, na ce, "Fatar kada ce fa, ranka ya daɗe." Ya juya ta, ya shinshina, ya kira abokan aikinsa biyu su zo su ga aiki. Suka yi ta santi. Daga ƙarshe ya naɗe mini ita da kansa, ya fi ni iya naɗin ma, ya ce in gai da wanda ya ɗinka.

Mun shiga Maraɗi rana tsaka, na tarar da gari kamar an yi shara. Ofisoshi a rufe, kantuna a rufe, ko ɗan sanda babu a mararraba. Na tambaya ko rasuwa aka yi. Hajiya ta ce a'a, barci suke. Haka al'adarsu take, sun gada wurin Faransawa: da rana ta take kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta, sai wajen la'asar a sake buɗewa. Mu a Kaduna sai mu zauna a ofis har ƙarfe uku da rabi muna gyangyaɗi a kan fayil muna kiransa aiki. Na yi tunani a kai sosai, ban ga wanda ya fi wani yin barci ba, su dai sun fi mu gaskiya. A gidan ƙanwar Hajiya aka dama mini furar gero da nono mai kauri, wadda tun rasuwar kakata ban sha irinta ba. Na sha har na ji nauyin kaina, sannan na bi al'adar gari.

Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiya ce ta gaske. Motar babba ce, mutane a ciki, awaki a sama. Wani wuri kwalta, wani wuri jar ƙasa mai gargada da ke sa haƙora kaɗawa. Kusan kowane babban gari akwai shingen jandarma, wato 'yan sandan hanyarsu, ganga biyu da sanda a gicciye. Kowa ya sauka, ya nuna takarda, ya koma. Abin da ya ba ni mamaki, ba mai tsaki. Da a Kawo ne da an yi wa'azi uku kafin a kai shinge na biyu. Farin da aka yi shekarun baya ya bar alama ko'ina, itatuwa a tsaye babu ganye, ƙasusuwan shanu a gefen hanya. A Dogon Dutsi wani Buzu da ke zaune kusa da ni ya hura gawayi ya dafa shayi a 'yar buta, ya ba ni a ɗan kofin gilashi. Na shanye na yi godiya na miƙe. Ya riƙo rigata, ya ce saura biyu, wanda ya sha na fari bai tashi sai ya sha na uku. Direba ma sai da ya jira.

Bayan Doso direba ya taka birki ba shinge ba komai. Raƙuman dawa ne guda uku suke tsallaka titi, a hankali, ba ruwansu da mu. Ni da na yi shekaru ina rubuta sunansu a takardun shari'a, ran nan na fara ganinsu da idona. Wani tsoho a baya ya ce lokacin ƙuruciyarsa garke-garke suke wucewa ta bayan garinsu. Na ƙara jin lallai ina son aikin nan.

Baba Ilu na zaune kusa da babbar kasuwar Yamai, gajeren tsoho mai fara'a, Hausarsa ta gauraya da ta can har ba a gane Bazazzagi ne sai ya yi fushi. Ya rungume ni, ya tsinke zaren wasiƙa, ya karanta yana gyaɗa kai, ya ninke ya sa a aljihu. Aka kawo dambu da zogale da soyayyen kifin kogi. Da safe kuma ga burodin nan da ake tambayata. Gaskiya ne dogo ne, ya kai kamu biyu, kuma a hammata ake ɗauko shi ba ko takarda. Na safe yana da daɗi. Wanda ya kwana kuwa, abin da mai wankin hula ya ji ba ƙarya ba ne. Wani abin da na lura, ma'aikatansu kullum sai sun bi kowa sun yi musabaha da safe, ko jiya tare suka tashi, tun daga shugaba har mai shara. Lauyoyinsu kuma suna sa baƙar riga amma ba sa ɗora gashin doki a ka, abin da ya sa na ji ƙyashinsu.

Ranar Alhamis na tura jaka can ƙarƙashin gado, na jawo tabarma na kare, na zuba takarduna a ambulan. Na ce wa Baba Ilu sai na dawo. Ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ofishin wani gida ne mai baranda. Mutum biyu suka gana da ni: shugabar, wata Baturiya mai furfura da kowa ke kira Madam, tana jin Ingilishi amma ba ta jin Hausa, da Malam Hamani, Bazabarme, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda Hausarsa ta fi tawa tsabta. Suka tambaye ni shari'un da na yi, na faɗa. Suka tambayi ra'ayina kan daftarin dokar da suka aiko mini tun a Kaduna, wadda suke so su kai wa gwamnatocin ƙasashen biyu, na fara bayani. Madam tana rubutu tana murmushi. Na ce a raina, Sani, aiki ya samu.

Sai na ji sallama daga baranda, da muryar da na sani.

Baba Ilu ne, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗoro jakar a tafin hannayensa biyu. Mai gadi ya ga dattijo da shiga ta mutunci, ya buɗe masa ƙofa. Ya tuɓe takalmi, ya gai da kowa, ya ajiye jakar a kan tebur, daidai kan daftarin dokar hana cinikin fatar kada. Ya ce, "Saƙo na daga uban yaron ga. Ya rubuto mani cewa ɗan nashi na da mantuwa, in tabbata ta iso hannun mai gida. To ga ta, na sauke amana."

Madam ta cire tabarau ta dubi jakar, ta dube ni. Malam Hamani ya yi gyaran murya, ya ce mini da Hausa a hankali, "Lauya, ko tsohon ya yi ɓatan kai ne? In haka ne sai in gaya mata, a wuce wurin."

Na gane ƙofa ya buɗe mini. Madam ba ta ji abin da Baba Ilu ya faɗa ba. Kalma ɗaya ta isa: mai masaukina ne, ya rikice, ban san jakar ba. Kuma wallahi na yi niyya, har bakina ya buɗe. Sai na dubi hannun jakar, na ga irin kitson da Baba ke yi wa maratayi, wanda na buɗe ido na gani a gidanmu. Kunya ta rufe ni, ba ta jakar ba, ta abin da na kusa yi.

Na ce da Ingilishi, "Madam, wannan aikin mahaifina ne. Baduku ne. Kyauta ce ya aiko miki, don a wurinmu ba a zuwa gaban babba hannu wofi. Na ɓoye ta saboda ina tsoron ta hana ni aikin nan. Da irin wannan ɗinkin aka biya mini makaranta."

Madam ta ajiye alƙalami. Sannan ta tambaya, in dokar nan ta tabbata, ta kuma biyo ta kan mahaifina, me zan yi? Na ce ban sani ba, kuma duk lauyan da ya ce mata ya sani ƙarya yake. Amma na ce abin da na sani shi ne, daftarin nan yadda yake baduku zai kama a rumfarsa, don shi ke zaune wuri ɗaya, ya bar dillalin da ke cika mota da fatu ya tsallaka iyaka. Na ce in ana so doka ta yi aiki sai an zauna da dukawa, don sun san mai kawowa, da lokacin da ake kawowa, da hanyar da ake bi.

Duk wannan Baba Ilu na zaune, ba ya jin ko kalma, yana ta kallon jakar. Can ya jawo ta ya kai kusa da taga. Ya ce, "Kai! Huɗu ce."

Malam Hamani ya ce, "Me ke huɗu, Baba?"

"Fata huɗu ya haɗa. Ku duba nan, da nan." Ya bi da farce a tsakanin ɓawon fatar. Mu uku muka sunkuya, ba mu ga komai ba sai da ya lanƙwasa ta. Ɗinki ne siriri, an ɓoye shi a cikin tsagar ɓawo. Ya ce, "Sa'ad da muna samari fatar cikin kada guda ta isa jaka kamar wagga, har a rage na takalmi. Yanzu 'yan jarirai ake kawowa, ba su kai damtse ba. Manyan sun ƙare."

Malam Hamani ya fassara. Madam ta sa ya maimaita, ta ɗauki alƙalami. Ganawar da aka ce ta rabin awa ce sai da aka kira magariba muna ciki, kuma rabinta ba ni ake tambaya ba, Baba Ilu ne, ni na koma tafinta. Daga ƙarshe ta ce ba za ta iya karɓar kyauta daga mai neman aiki ba, amma tana roƙon a bar jakar a ofis don a riƙa nuna wa jami'ai ɗinkin nan. Na fassara wa Baba Ilu. Ya ce shi dai ya ga ta shiga hannunta, sauran bayani na 'yan boko ne.

Dawowa ba ta da labari, sai zawo da na kwaso a Konni, wanda ba zan ba ku bayaninsa ba. Na yi mako biyar ina zuwa gidan waya kamar mai aiki a can. Ranar da wasiƙar ta zo na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Sun ɗauke ni. Aikina na farko shi ne in sake rubuta daftarin nan daga tushe.

Ban koma ofis ba, kasuwa na nufa. Na tarar da Baba a rumfa yana yanka jar fatar akuya. Na durƙusa na faɗa masa. Ya yi hamdala, ya shafa, sannan ya ce, "Sun ga ɗinkin?"

"Sai da Baba Ilu ya nuna musu."

Ya yi murmushi, ya ci gaba da yanka. Da na so in bar maganar nan, amma na ga in ban faɗa yau ba, a bakin wani zai ji. Na ce, "Baba, dokar da zan rubuta, ko yaya na tausasa ta, za ta hana aikin kada. Har a wannan rumfar."

Wuƙar ta tsaya. Ya ɗago ya dube ni.

"Yaushe?"

"Shekara ɗaya, ko biyu."

Ya ce, "Ka rubuta. Ni ma hannuna ba ya son taɓa 'yan ƙananan nan." Ya ajiye wuƙa, ya tattara guntayen fata daga gefensa, ya matsa a kan buzu. "Amma ba za ka hana abin da ba ka sani ba. Na kai ka boko tun ba ka iya riƙe zare ba. Zauna in nuna maka yadda ake yi, in ka tashi hanawa ka san abin da ka hana."

Na cire takalmi da kwat, na zauna inda ya matsa mini. Ya miƙo mini basilla, babbar allurar dukawa, ya gyara mini yatsu a kanta. Ina da shekara arba'in a duniya, ran nan na fara riƙe ta.